Kujerar Aski a Tsakar Gida

Mutum ya haura shekara hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, amma har yau in ka shiga layin ka ce Ƙarami kake nema, ko mai sayar da lemo za ta nuna maka shagon da haɓa. Sunan ya samo asali tun zamanin da masu aski biyu ne a wurin, uba da ɗa. Mutane sukan leƙo su tambaya, Babba ne yake nan ko Ƙarami? In aka ce Ƙarami ne, wasu sai su tuna suna da uzuri a kasuwa. Babba ya daɗe da ajiye aska, amma sunan ya ƙi barin ɗan, har 'ya'yansa sukan yi masa tsiya cewa su kam ba su san me za a kira su ba, tunda uban nasu ma bai gama girma ba.

Shagon ɗan tsukuku ne. Kujerun aski biyu ne a ciki, sabuwa mai juyawa, da tsohuwa ta katako da ƙarfe wadda ake kwantar da bayanta da wani mariƙi a gefe, fatarta ta tsattsage an bi ta da faci. Akwai bencin masu jira, da madubi mai tabo a kusurwa, da kanta da aka jera almakashi da mataji da burushin kumfa. A ƙarƙashin kantar akwai butar dafa ruwa da ƙaramar roba, domin a wannan shago ba a taɓa ɗora wa mutum aska a fuska ba sai an fara gasa masa ita da tawul mai ɗumi. Dokar Babba ce. Yakan ce gashi halin mutum gare shi, in ka lallashe shi ya kwanta, in ka zo masa da gadara ya miƙe tsaye.

Ƙarami bai tashi da sha'awar aski ba. Tuƙin babbar mota ya so, irin wadda ake kwana a hanya. Yana tsakiyar sakandare mahaifiyarsu ta rasu, shago ya buƙaci hannu na biyu, shi ke nan maganar mota ta bi ruwa. Ya fara da shara da wankin tawul, ya daɗe kafin a miƙa masa almakashi. Aska kuwa sai da ya aske gashin hannunsa da na ƙwaurinsa tas, ya koma kan abokansa waɗanda ba su da bakin ƙorafi. Babba ba mai yabo ba ne. In aiki ya yi kyau sai ya yi shiru, in bai yi ba sai ya karɓi almakashin ya gyara a gaban mai kan. A haka Ƙarami ya ƙware, ya yi aure, ya tara iyali, har ya zama shi ake zaman jira a benci. Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba, kan mahaifinsa. Babba da hannunsa yake aske kansa, da madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. In ɗan ya ce a bari ya daidaita masa ƙeya, sai ya ce wanzami ba ya son jarfa, a bari sai ya tsufa. Bai kuwa taɓa yarda ya tsufa ba.

Gigin tsufa ya shigo masa kamar yoyon rufi, ɗigo yau, ɗigo jibi. Da farko sunayen abokan ciniki ne suka riƙa ɓace masa, yana rufe abin da barkwanci. Sai wata rana ya aske rabin kan wani mai gyaran babur, ya wanke hannu, ya kaɗe ƙyalle, ya kira na gaba. Aka yi dariya, Ƙarami ya ƙarasa aikin. Ranar da ya tsaya da aska a hannu yana tambayar mutumin da ke kan kujera me ya kawo shi, ba wanda ya yi dariya. Ƙarami ya zauna da babbar yayarsa, wadda kowa a zuri'ar ke kira Yaya, ma'aikaciyar ofis ce da ke zaune da iyalinta a can ɗaya gefen garin, suka yanke shawarar tsohon ya huta. Aka gyara masa ɗakin da ke kusa da kicin a gidan Ƙarami, aka cire sakatar ciki, aka ɗauke duk wani abu mai kaifi. Tun daga nan gemunsa ya zama daji, sai dai a ɗan rage shi da almakashi in barci ya ɗauke shi.

Matar Ƙarami tela ce, kekenta yana baranda yana kallon ƙofar ɗakin. Tsohon ya manta surukarsa ce, ya sa mata Mai Ɗinki, ita kuwa ta amsa, har sunan ya bi ta a gidan. In ya tambaye ta ko ta gama rigar da ya kawo, sai ta ce saura maɓalli. Suna zaune lafiya. Ƙarami ne ya kasa. Kullum da safe kafin ya tafi shago sai ya durƙusa a bakin gadon ya ce shi ne Ƙarami, ɗansa. Wani lokaci tsohon ya dube shi kamar mai duban bango, wani lokaci ya ce Ƙarami ai yana makaranta bai taso ba, wani lokaci kuma ya murtuke fuska ya jawo matashi ya rungume. Ƙarami sai ya ɗauko hoto ya nuna, ya ambaci sunan marigayiya, ya ba da labarin shago. Yaya ma in ta zo haka take yi, ta jera masa jikoki tana tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar ranar jarrabawa. A ganinsu in aka daina tuna masa, sauran abin da ya rage ma zai zube.

A shekarar da ta gabata zazzaɓi ya taɓa kai shi asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa, ya fizge allurar, aka mayar, ya sake fizgewa har jini ya ɓata zanin gado. Ma'aikatan ba su da wata dabara, suka ɗaure masa hannuwa da bandeji a jikin ƙarfen gadon. Ƙarami ya zauna a gefe yana kallon hannuwan nan da suka yi shekara da shekaru suna yawo a maƙogwaron mutane ba su taɓa rawa ba, ga su a ɗaure suna murɗawa, mai su yana roƙon duk wanda ya gifta ya kwance shi ya je ya buɗe shago. Zazzaɓin ya warke, amma tsohon da aka dawo da shi gida bai kai wanda aka tafi da shi ba. Ya daina gane hanyar bayi, maganarsa ta ragu. Ƙarami bai faɗa wa kowa ba, amma ya ƙudurta a ransa cewa muddin yana numfashi ba za a ƙara ɗaure hannuwan nan ba.

Sai ga mura. Yaran gidan suka kwaso ta daga makaranta a tsakiyar damina, ta zaga ɗaki ɗaki, ta sauke kayanta a kan tsohon. Abin da yaro zai yi wasa da shi a tsakar gida, shi ya kwantar da shi. Hancinsa ya toshe ruf, ba shiga ba fita. Da baki yake numfashi, leɓɓansa suka bushe suka tsage, majina ta daskare a gashin bakinsa. In aka ba shi shayi ya kurɓa, da zarar ya rufe baki zai haɗiye sai ya ji numfashi ya yanke, ya furzar, ya ture kofin, ya ce so ake a shaƙe shi. Ko daga hannun Mai Ɗinki ya daina karɓa.

Abin da ba wanda ya taɓa kawowa a rai shi ne mutum yana iya manta yadda ake fyace hanci. In aka kara masa hankici aka ce ya fyace, sai ya hura da baki kamar mai fifita abu mai zafi, ko kuma ya ja ciki. Ƙarami ya tsaya a gabansa ya fyace nasa hancin da ƙarfi don ya gwada masa. Tsohon ya yatsine fuska, ya juya wajen Mai Ɗinki ya tambaye ta wane ne wannan marar tarbiyya.

Wata nas da ke maƙwabtaka da su ta shigo bayan ta taso aiki, ta saurari ƙirjinsa, ta ce har yanzu ƙirjin lafiya lau, ba ya buƙatar wani magani mai ƙarfi. Ta ce tururin ruwan ɗumi yake so, da ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ta bar musu 'yar kwalba, a ɗaga masa kai da matashi, kuma ya sha ruwa da yawa. Amma ta ja musu kunne, in ya ci gaba da ƙin sha, ko zazzaɓi ya shigo, to asibiti ne, ba ciniki.

Maganarta daidai ce, yadda za a yi ne ya gagara. Aka zuba ruwan zafi a roba aka ajiye a gabansa, Ƙarami ya lulluɓe shi da bargo don ya shaƙi tururin. Duhu na rufe shi ya kurma ihu, ya shure robar, ruwan ya kusa sale masa ƙafa, yana kiran matarsa da ta daɗe a ƙasa ta zo ɓarayi sun shigo. Ƙarami ya riƙe masa kafaɗu yana ta nanata cewa shi ne, ɗansa ne, ba kowa ba ne. Kamar yana zuba wa wuta fetur. Kwalbar ɗigawa kuwa, ana kusanto da ita fuskarsa ya make ta, sai daga ƙarƙashin gado aka zaƙulo ta da tsintsiya.

Yaya ta zo da yamma, ta ga idanun tsohon sun faɗa, ta taɓa leɓen ta ji kamar takarda. Ta ja ƙanenta baranda ta ce gobe kafin rana ta take za ta zo da tasi. Ya ce a ƙara masa lokaci. Ta ce lokacin wa, nasa ko na Baba? Ya tuna mata bandeji da ƙarfen gado, ta ce ita ma tana wurin, ba labari aka ba ta ba.

"Gara a ɗaure shi yana da rai," in ji ta, "da a bar shi a sake ya bushe a hannunka."

Ƙarami ya san gaskiya ta faɗa, kuma ba don ƙin tsohon ta faɗa ba.

Washegari da safe ya nufi ɗakin kamar kullum, Mai Ɗinki ta tare shi a bakin ƙofa da tsinken allura a baki. Ta cire shi ta soke a gefen zaninta, ta ce tana da tambaya.

"Maigida, autanmu ya tafi makaranta ɗazu da jakarsa. In wani ƙato mai furfura ya shigo ɗakinka yanzu ya ce shi ne autan, za ka tsaya ya rufe ka da bargo?"

Ransa ya ɓaci. Ya tambaye ta ko so take ya yi musun ubansa. Ta ce ita ba ta ce ba, ita dai ta san Baba bai taɓa rungume matashi don ya gan ta ba. Ya sa takalmi ya fita ko karyawa bai yi ba.

Wanda ya fara shigowa shago a ranar baƙo ne, matafiyi da motarsa ta lalace ake gyara masa a bakin titi. Bai tambayi sunan mai shagon ba, bai tambayi ɗan wane ne ba. Ya ga kujera, ya ga farin ƙyalle, ya zauna ya kwantar da kai ya miƙa maƙogwaronsa ga mutumin da bai taɓa gani ba. Da aka naɗe masa fuska da tawul har gyangyaɗi ya yi. Ƙarami ya tsaya a kansa yana jiran tawul ɗin ya huce, yana kallon siririn tururin da ke tashi ta gefen hancin mutumin. Abin da yake yi kullum ne tun yana saurayi, amma ranar sai ya ga kamar bai taɓa ganinsa ba.

Yana sallamar baƙon ya rufe shago, ya kira mai kura, suka ciccibi tsohuwar kujera da madubin suka ɗora. Mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko karayar arziki ce ta zo, in gwanjo za a yi shi yana son bencin. Ƙarami ya ce masa ya fara gyara nasa kan da ya yi kama da gonar da aka yi wa rabin shara.

Suka kafa kujerar a tsakar gida, a inuwar bangon kicin. Aka jingina madubin, aka jawo bencin baranda. Mai Ɗinki ta ɗora ruwa a wuta ta fito da tawul masu tsabta. Ƙarami ya sa farar rigarsa ta aiki, ya jera kayansa a kan tire, ya ɓoye 'yar kwalbar nas a aljihun gaba. Sannan ya nufi ɗakin, kuma kafin ya ankara gwiwoyinsa sun kai ƙasa, bakinsa ya fara gaisuwar da ya saba. Tsohon ya juya fuska bango. Daga baranda Mai Ɗinki ta yi gyaran murya.

Ya fito ya tsaya a bayan kujera. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa yi wa mahaifinsa magana yana tsaye ƙiƙam ba, balle ya ɗaga masa murya kamar kowane mai jiran layi. Ya ɗauki farin ƙyallen ya kaɗa shi da ƙarfi har ya yi ƙara, ya ɗauki almakashi ya riƙa tsinka iska da shi, ƙyas ƙyas ƙyas, yadda ake yi tsakanin kai da kai.

"Na gaba," ya ce.

Shiru. Ya sake kaɗa ƙyallen. Can sai ga motsi, sai ga tsohon a bakin ƙofa yana dafa bango, baki a buɗe, yana bin ƙarar almakashin da kunne. Mai Ɗinki ta ba shi kafaɗa kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Bai nufi kujerar ba. Benci ya zauna, kamar yadda mai ladabi yake yi in ya shiga shagon wani. Ya ɗaga kai ya hangi madubi, ya ga wani tsoho buzu-buzu zaune yana kallonsa.

"Dattijon nan ya riga ni," ya ce da muryar da mura ta toshe.

"Ya ce ka fara, Malam. Shi ba sauri yake ba."

Tsohon ya ɗaga wa na cikin madubin hannu alamar godiya, shi ma ya ɗaga masa. Ya tashi ya hau kujera, ƙafarsa ta nemo matakin da kanta. Mai Ɗinki ta zagaya ta yafa wa madubin zani.

Ƙarami ya ɗaura masa ƙyallen a wuya, ya zura yatsu ya tabbatar bai matse ba. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan mahaifinsa don ya daidaita shi. Kan ya fi yadda yake zato ƙanƙanta. Fatar ta yi laushi kamar ta jariri, akwai wani ɗan tabo a bayan kunne da bai taɓa sanin da shi ba. Da ɗumi, amma ba zafin zazzaɓi ba. Ya ɗan daɗe a haka fiye da yadda aiki yake buƙata.

Ya matse tawul na farko ya gwada a cikin tsintsiyar hannunsa. Tsohon ya zaro nasa hannun daga ƙarƙashin ƙyalle, ya taɓa da bayan yatsu, ya ce ya yi zafi, a kaɗa shi tukuna, fuskar mutum ba tukunya ba ce. Ƙarami ya kaɗa. Ya naɗe masa kumatu da goshi da karan hanci, ya bar bakin a fili, domin a shagonsu ba a rufe wa mutum inda yake numfashi. Ya tsaya yana jiran ihu. Ba ihu. Tsohon ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka. In tawul ya huce, Mai Ɗinki ta miƙo wani. Tsakanin wannan da wancan Ƙarami yana murza masa gefen hanci da ƙasan idanu da manyan yatsunsa, a hankali, yadda ake yi kafin a shafa kumfa. Abin da ya daskare a gashin baki ya jiƙe ya fita.

Ya ja mariƙin gefe, bayan kujerar ya kwanta. Ya ce gashin hancin Malam ya yi tsawo, zai ɗan ɗiga masa ruwa ya yi laushi kafin a rage. Ya ɗiga a wannan, ya ɗiga a wancan. Tsohon ya yamutsa fuska, ya tanɗe baki, ya ce masu askin zamani da sabon salo suke, har gishiri ake sa wa mutum kamar nama. Amma bai ɗaga hannu ba.

Ƙarami ya miƙar da kujerar, ya shiga rage gashin baki da bakin almakashi. Ƙananan gashi suka zuba a kan leɓe, ya ɗauki burushi ya share su, ya bi ta ƙarƙashin hanci. Fuskar tsohon ta tattare, ya ja kai baya, ya saki atishawar da sai da kajin maƙwabta suka amsa. Tawul yana hannun Ƙarami a shirye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da ya fito Mai Ɗinki ta ce ko maƙiyinta ba ta yi wa fatan ɗaukarsa a ka. Wata atishawar ta biyo. Ƙarami ya bar tawul ɗin a kan hancin, ya danne ƙofa ɗaya da yatsa kamar yadda yake yi wa 'ya'yansa suna ƙanana. Sai tsohon ya fyace. Da kansa, da ƙarfi, kamar bai taɓa mantawa ba. Aka koma ɗaya gefen, ya sake.

Ya rufe bakinsa. A shirun tsakar gidan suka ji wata 'yar siririyar ƙara tana shiga tana fita ta hanci.

Tunda an fara aski sai a gama. Ƙarami ya rage gemun, ya kaɗa kumfa ya shafa, ya buɗe aska. Tsohon ya kwanta kamar dutse, ya san ba a motsi a nan. Da aka zo ƙarƙashin haɓa ya yi magana ta gefen baki, ya ce hannun da sauƙi, ba laifi, amma yana jan fata fiye da kima.

"Wa ya koya maka?"

Amsar tana kan harshen Ƙarami, ta daɗe a wurin tana jiran a yi wannan tambayar. Ya dubi hannuwan da ke kwance a kan ƙyalle, a sake, yatsun suna ɗan motsi kamar suna riƙe da wani abu. Ya goge askar a tawul.

"Wani dattijo ne a layinmu."

"To bai gama da kai ba. Ka koma."

"Zan koma, Malam."

Mai Ɗinki ta kawo shayi mai ɗumi a kofi. Tsohon ya kai shi hanci, ya ce yau an sa madara. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, idanunsa suna jiran abin da ya saba faruwa. Ya haɗiye. Numfashi bai yanke ba. Ya sake kurɓa, wannan karon da ƙara.

A daidai nan aka yi hon a waje. Yaya ta shigo da jakar kaya a hannu ɗaya, filas a ɗaya, ta tsaya cak tana duban kujerar aski a tsakiyar gida da ƙanenta cikin farar riga. Ta buɗe baki za ta gai da mahaifinta, Ƙarami ya riga ta.

"Baiwar Allah, ga benci can. Akwai mutum a kai."

Daga baya takan ce a lokacin ta ɗauka ciwon ya zama na gado, ya kama na biyu. Mai Ɗinki ta kamo hannunta ta zaunar da ita, ta matsa mata yatsu. Tsohon ya dube ta ta saman kofi, ya ce ba a yi wa mata a nan, ko yaro ta kawo? Yaya ta dubi fuskar da aka aske tas, fuskar da rabonta da gani tun kafin ciwon ya yi nisa. Ta ce a'a, rana ce ta koro ta, inuwa ta shigo sha. Ya ce to a ba ta shayi, ba a zama haka a shago. Ya shanye nasa, ya leƙa cikin kofin, ya tambaya ko masu shayin nan ba sa haɗawa da burodi.

Ta zauna tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ya cinye rabin burodin da aka jiƙa masa. Mai tasi ya sake hon. Ta tashi, ta yi wa ƙanenta inkiya ya biyo ta bakin ƙofa. A can ta ce masa kada ya ɗauka an warke, nas ta zo da yamma ta sake sauraren ƙirjin, kuma in zazzaɓi ya leƙo ba za ta nemi shawarar kowa ba. Ya ce ya yarda, shi da kansa zai kira motar. Ta gyara mayafi.

"Ya gane ka?"

"A'a. Amma ya zauna."

Ta fita ta ba mai tasi haƙuri ta sallame shi. Jakar dai ba ta koma da ita ba, ta ajiye ta a bayan ƙofa, ko da za a buƙata.

A nan jakar ta zauna har murar ta gama kwanakinta ta tafi, sannan Mai Ɗinki ta zazzage ta ta mayar da kayan cikin akwati. Safe da yamma ake kaɗa ƙyalle a tsakar gidan, a kira na gaba, a gasa fuska, a ɗiga ruwan gishiri, a sha shayi. Akwai ranakun da tsohon yakan ƙi fitowa, ya ce jiya aka yi masa, sai a bar shi zuwa anjima a sake kira. Kujerar ba ta koma shago ba, masu jira a can suka saba da kujera ɗaya da mai askin da ba ya buɗewa da wuri. Gemu kuwa ba ya tsirowa da wannan saurin, don haka yawancin lokaci kumfa kawai Ƙarami yake kwashewa da bayan aska, tsohon yana kwance ido a rufe, yana numfashi ta hanci, yana gyara masa riƙo.